Yatsa Uku a Wuyan Tukunya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara maginiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, ni ne Iro, autanki, wanda kike cewa kunnuwansa na ado ne. Na san ba ke za ki karanta wannan ba. Mutane ne za su gani a wayoyinsu, wasu su yi miki addu'a, wasu su zage ni, kuma duk na yarda. Amma da ke nake magana, domin abin da ya faru a daminar bana ke ya kamata ki fara ji, kuma daga bakina.

Inna, kogi ya iso maƙabarta. Na je in ɗauko ki, kuma har yau ban san ko na same ki ba.

Bari in fara miki da garin, tunda kullum shi kike fara tambaya idan kin dawo daga unguwa. Wudil tana nan inda kika bar ta, hanyar Kano ta ratsa ta, ta hau gada ta yi gabas. Ranar Juma'a har yanzu babu wurin taka ƙafa: shanu a kara, tireloli a jere suna jiran lodin kudu, mutanen Achika da Ɗankaza da Kausani da buhunansu, masu soyayyen kifi a bakin gada suna bin kowace mota da faranti. An yi gidaje da yawa ta wajen jami'a, ɗalibai sun cika unguwanni. Mai wucewa a mota zai rantse babu abin da ya canza sai yawan jama'a. Sai mutum ya gangara ta bayan unguwarmu sannan zai ga abin da ya tafi. Lambun Baba babu shi. Ramin da kike haƙo yumɓu ma yanzu a tsakiyar ruwa yake.

Kina yawan ba mu labarin da kakarki ta ba ki, na zamanin da babu gada, fatake masu zuwa Barno su yi kwanaki a gaɓa suna jiran 'yan fito, jakunansu suna cinye wa mutane harawa. Kina cewa kogin nan shi ya tara garin, ya ba masunta kifi, ya ba manoma fadama, ya ba ki yumɓu, kuma ba ya son a yi masa rashin kunya. Ni kuwa sai in yi dariya in ce ai ruwa ne kawai, ba shi da ido bare ya ga rashin kunya. Ki bi ni da harara ki ci gaba da murza bakin tulu.

Shekara biyu bayan rasuwarki na zama direban tifa. Yashi nake ɗauka daga kogi in kai Kano, inda ake ta gini kamar gobe za a hana. Da rani ruwa ya janye, mu shiga da motocin har cikin kwarin, 'yan lodi su cika mu da shebur, mu fito muna huci. Yashin da masu buga bulo suka fi so, mai tsakuwa-tsakuwa, a kwanar da ke ƙasan maƙabarta yake taruwa. Ba ni na fara ɗiba a can ba, kuma ba ni kaɗai ba ne, amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba. Na ɗiba, shekara da shekaru, ina iya hango kanyar da ke kusa da kabarinki daga kujerar mota.

An gargaɗe ni. Akwai wani malamin jami'a, Malam Istifanus, mutumin wajen Gombe, Kirista ne, yana haya a layinmu. Mutumin kirki, idan ya tsaya gaishe ka sai ya tambayi iyali da gajiya da kasuwa har ka gaji da amsawa. Wata rana ya zo gaɓa da ɗalibansa suna awo, ya same ni ana min lodi. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Iro, ruwa idan ya zo kwana, gefen waje yake ci. Yashin nan da kuke ɗiba shi ya tokare gaɓar. Don Allah ku bar gindin nan, ku koma can tsakiya." Na ce masa, "Malam, kakannin kakannina a nan suke kwance ruwa bai taɓa su ba, sai yau da ka zo da igiyar awo?" 'Yan lodi suka fashe da dariya. Na ji daɗin dariyar nan ƙwarai, Inna, har na maimaita maganar a tasha.

Kin tuna tukwane huɗun nan manya da ke kife a lungun ɗakinki, kin rufe su da tsohuwar tabarma? Lokacin aurena na jawo ɗaya na ce zan kai wa Binta ta riƙa zuba ruwa, kika buge min hannu. Kika ce, "Kai, ajiye! Kayan tafiyata ne. Da su za a rufe ni." Na ce ki daina irin wannan magana, kika ce wanda bai shirya kayansa ba ai na aro za a rufe shi da su. A ranar na lura da wuyansu. Tukwanen da kike kaiwa kasuwa, totuwar masara kike murzawa a jikinsu ta bar zane. Waɗannan kuwa babu zane, sai shaidar babban yatsanki sau uku a jere, kuma a cikin kowace shaida ga layin tabon nan da lauje ya yi miki a gonar shinkafa. Ban taɓa ganin wannan alama a wata tukunya ba. Sai na ajiye a raina cewa naki kaɗai kika yi wa.

Ranar da muka kai ki, Malam Sale mai haƙar kabari ya raba su biyu-biyu da bayan adda, ni na riƙa miƙa masa ɓari-ɓari yana kifawa a kanki, aka liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Kin san mu ba ma kafa allo ko rubuta suna. Da za mu tafi na ƙirga taku daga gindin kanya zuwa kanki, goma sha huɗu, ta gabas. Shekarar farko duk Juma'a ina zuwa. Daga nan ya koma Sallah-Sallah. Daga nan sai in ɗaga hannu daga cikin mota in karanta miki Fatiha ana zuba min yashi. Tudun kabarin ya kwanta, ciyawa ta haɗe ku gaba ɗaya, ban damu ba, tunda kanya tana nan.

Bana an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga kuma wanda aka saki daga madatsu can sama. Kogin ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa da karan gona da matattun awaki. Wata Talata da hantsi ina zaune a tashar tifa, sai ga Yaya Rabi, takalmi a hannu, mayafi yana jan ƙasa. Kin san Yaya, ita ta gaje ki a ginin tukwane kuma ta gaje ki a rashin gudu, ban taɓa ganin ta tana sauri ba. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Iro, kanya ta faɗa."

Na tarar da kanyar kwance a cikin ruwa, saiwoyinta a sama. Gaɓar ta yanke tsaf kamar an sa wuƙa, ta tafi da layin kaburbura biyu ko uku, babu mai iya cewa nawa. A jikin yankan kana ganin bayan tukwane sun leƙo. Muna tsaye wani ɓangaren ya sake zaftarewa a gabanmu, maza manya suka juya baya suna salati. Sauran abin da na gani ba zan rubuta shi ba.

Liman da mai unguwa suka zauna a ranar. Liman ya ce lalura ce, ya halatta a tono mamatan a mayar da su wurin da ruwa ba zai kai ba. Wani dattijo ya ba da gefen gonarsa a kan tudu ta hanyar Kausani, ya sa aka sare geron da ko ƙosawa bai yi ba. Mata suka taru a gidan Yaya suna yanka likkafani. Aka ce kowa ya fito da safe da fartanya da shebur.

Ga abin da nake jin kunyar faɗa miki. Ni ke kaɗai na je ɗauka. Na ce wa jama'a, da ƙarfi ma, kowa ya ji da nasa, ni zan gane tawa, uwata ta sa wa kayanta alama. Har na yi wa wani alkawarin zan kai masa yashi da la'asar daga wani wurin da ruwa bai rufe ba, don a lissafina kafin azahar na gama. Malam Sale ya tsufa yanzu, yanar ido ta rufe masa gani, a kujera aka zaunar da shi yana faɗa wa mutane inda za su sa fartanya. Da ya ji maganata sai ya ce, "To, Allah Ya sa."

Na tsaya inda nake zaton kanyar take, wato a bakin ruwa, na ƙiyasta takun da ido, na fara haƙa. Da na kai ga tukwane na ajiye fartanya na share ƙasar da hannu. Ga yatsa uku, ga tabon lauje. Na zauna a cikin ramin ina kuka kamar yaro, ina cewa ga Inna, ga Inna, alhamdu lillahi. Da muka ɗaga ɓarin farko sai muka ga kabarin gajere ne. Na ƙaramin yaro ne, Inna, bai kai tsawon hannuna biyu ba.

Ban gama dawowa hayyacina ba wani ya kira ni daga layi na gaba, ya ce in zo ga yatsa uku a nan. Kafin in isa, wani ma ya kira daga can gefe. Na riƙa bi rami-rami, laka har gwiwa, ina share wuyan tukunya, ko'ina hannunki nake gani. Maza, mata, yara, ba na ce duka ba, amma da yawa. Na je na tsaya a kan Malam Sale ina haki, na ce masa mene ne wannan. Ya ce, "Zauna, ɗan nan. Shekara da shekaru, duk gashin tukwanen da uwarka ta yi sai ta ware wasu ta aiko min, in jera a bayan rumfata. Wanda aka yi wa rasuwa ba shi da halin saye, in ba shi in ce daga wani bawan Allah. Har bayan ta rasu na daɗe ina rufe mutane da ragowar. Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. To yau ƙasa ce ta faɗa, ba ni ba."

Na ji haushinki a lokacin, gara in gaya miki gaskiya. Na ce a raina wace irin mace ce wannan, ta yi wa kanta alama sannan ta raba wa rabin unguwa, ta bar ɗanta yana lalube. Da na koma gida na tambayi Yaya ko ta sani. Ta ce ita ce ma take ɗaukar su a ka ta kai wa Malam Sale. Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa min ba. Ta dube ni ta ce, "Ka taɓa tambaya? Kai da kake shigowa gidan ka ci tuwo a tsaye ka fita."

Ban kai yashin la'asar ɗin ba. Kwana uku muka yi muna aikin. A tattara abin da ya rage na mutum a sabon likkafani, a ɗora a makara, a hau tudu da shi a kafaɗa, a dawo. Tunda ban san wacce ce ke ba, duk wanda aka ɗora sai in ga ke ce. Idan mai riƙe da gaba ya yi tuntuɓe in daka masa tsawa ya tafi a hankali. Na sa kafaɗata a ƙarƙashin kowace makara har fatar ta saluɓe, Binta tana gasa min da ruwan zafi tana faɗa. Ɓarin tukwanen da ba su farfashe ba muka kwashe su a tifar da nake tuƙawa muka kai sama, aka sake rufe mutanen da su. Inda suka gaza Yaya ta cike da nata.

Malam Istifanus ya zo tun ranar farko. Bai shigo cikin maƙabartar ba, ya tsaya daga gefe, shi da ɗalibansa suka riƙe igiyoyin da muka ɗaura wa masu haƙa a bakin gaɓa, don kada ƙasa ta tafi da su. Na yi ta kauce wa idonsa. Da ma ya zage ni, ko ya tuna min maganar igiyar awo, da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah Ya ba da haƙuri, Malam Iro." A rana ta uku na cire kunya na same shi, na ce tunda ya taɓa auna wurin, ko littafinsa zai nuna inda kanyar take. Ya ɗauko, ya ja igiyarsa, na taka goma sha huɗu a tudu ya auna tsawon takuna, ya yi lissafinsa har sau biyu. Sannan ya kai ni daidai bakin yankan ya tsaya. Ya ce a nan ya faɗo, taku ɗaya baya kina cikin waɗanda muka ɗauka, taku ɗaya gaba kina cikin waɗanda ruwa ya tafi da su, kuma shi ba zai yi min ƙarya don in ji sanyi ba.

Za ki zaci daga nan na tuba. Ban tuba ba. Da ruwa ya janye na koma ɗibar yashi. Mai unguwa ya hana taɓa gindin tsohuwar maƙabarta, sai muka koma can ƙasa da ita, inda kogin ya zube sabon yashi fari tas, tuli guda. Na ce wa kaina ina da 'ya'ya biyar, kuma ba ni da wata sana'a. Ban tsaya na tambayi kaina daga ina sabon yashin ya zo ba, alhali ko yaron goye ya san ruwa daga sama yake gangarowa.

Ranar Litinin da ta wuce na kai lodi wani gini a Kano, ta wajen Mariri. Na ɗaga bodi, yashi ya zube, na sauko in rufe ƙofar baya. Sai na ga wani tsingaron tukunya ya gangaro daga saman tulin ya tsaya kusa da ƙafata. Bai fi tafin hannu ba, gefensa duk ruwa ya cinye. Na ɗauka na juya. Yatsa biyu ne da rabi, na ukun ya karye, amma tabon yana nan. Na sa babban yatsana a ciki, ya fi ramin girma. Ga injin bulo yana ruri a gefena, ga siminti an farke buhu, leburori sun taho da kwanonin ɗiba.

Na ce kada wanda ya taɓa yashin nan. Na karɓi shebur a hannun ɗaya daga cikinsu na fara mayarwa cikin mota. Mai ginin ya zo yana ihu, ya ce ko na haukace ne, ko wani ya ba ni abin da ya fi nasa. Na miƙa masa tsingaron na ce, "Alhaji, murfin kabari ne. Wataƙila na uwata." Ya karɓa ya duba shi, ya miƙo min da hannu biyu, ya ce a kashe injin. Leburorin nan, ban san sunan ko ɗaya ba, suka ɗauki shebur suka taya ni, har muka share wurin da tsintsiya.

Na taho Wudil a hankali, ban taɓa tuƙi irin wannan ba, ina kauce wa kowane rami, na baya suna ta danna min oda. Abin da ya fi ci min rai a hanyar shi ne tifofin da suka riƙa wuce ni suna shiga Kano, cike taf, daga wurin da na ɗebo. Wasu direbobin abokaina ne, suna ɗaga min hannu. Tun da ruwa ya janye ake ɗiba a wurin, ni kaina na yi sawu ban san iyaka ba. Wannan guda ɗayan ne kawai Allah Ya nuna min.

Kafin magariba muka haƙa dogon rami a gefen sabuwar maƙabarta, na juye yashin a ciki, Liman ya yi addu'a, na ɗora tsingaron a sama muka rufe. Washegari na mayar wa mai mota makullinsa. Ban san abin da zan yi ba tukuna. Yaya ta ce in ina so in zo in riƙa yi mata kirɓin yumɓu, bayanta ya fara ciwo, amma in sani ba a yin sa a tsaye ana kallon hanya. Na fara zuwa. Jiya na ga ta ware tukwane uku daga cikin gashi ta kife a lungu, ban tambaye ta ba, na ɗauka na kai bayan rumfar Malam Sale.

Inna, na yi kewarki, kuma ina jin kunyarki fiye da yadda na taɓa ji kina da rai. Kin shirya kayan tafiyarki tun da sauran ƙarfinki, kin shirya na mutanen da ba su san sun ci arzikinki ba, ni kuma na sa shebur a ƙarƙashin ku duka. Ban san ko ke na dawo da ita gida ran Litinin ba, ko wata ce daga cikin waɗanda kika rufa wa asiri. Ko wacce ce, ki roƙa min ita gafara, ke ma ki yafe min.

Ya Allah, Kai Ka san inda kowane ƙashi yake, a tudu ko a ruwa ko a cikin bangon gidan wani. Ka tattara Inna da maƙwabtanta cikin rahamarKa, Ka yalwata musu makwanci, Ka rufe ta kamar yadda ta rufe bayinKa. Ka saka wa Malam Sale da Malam Istifanus da leburorin nan da alheri. Ka shiryi masu ɗiba, har da ni. Amin.

Ɗanki mai kunnen ado,
Iro
Wudil